Yadda Za Ka Gane Ƙarfin Da Giyar Otomatik Za Ta Iya Ɗauka Kafin Ka Ƙara Wa Mota Wuta

Yawancin samarin da ke kawo mota a ƙara mata wuta, kuɗinsu kaf a kan inji yake ƙarewa: a taɓa kwamfutar inji, a sauya salansa, a ɗaura turbo babba. Ba a tunawa da giyabos sai ranar da motar ta fara ihu a lamba uku ba ta gaba. A lokacin ne za ka ji ana cewa, "Oga, wai doki nawa giyar nan take ɗauka ne?" Tambayar da ya kamata a yi ke nan tun ba a kwance noti ko ɗaya ba, kuma da awo da lissafi ake samun amsarta, ba da hirar majalisa ba.

Abu biyu kawai za ka riƙe kafin mu fara. Na farko, giyabos bai san doki ba, wato ma'aunin da ake faɗin ƙarfin inji da shi. Abin da yake ji a jikinsa shi ne ƙarfin murɗawar da inji ke turo masa, wanda ake aunawa da Nm, wato Newton-mita. Na biyu, zafi. Faibobi, wato faifayen kuloci da ke cikin otomatik, a cikin mai suke aiki, matsin man ne ke damƙe su. Idan man ya yi zafi ya tsinke, damƙar sai ta yi sako-sako, faiba ta fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi, a haka har ta ƙone. A garin da zafin watan Afrilu ke kai digiri 40, ga cunkoson Kurna, ga esi a kunne, giyabos ɗin da ya ɗauki wani ƙarfi lafiya lau a Jamus ba lallai ya ɗauke shi a Kano ba.

Kayan da za ka tanada

Sikana mai karanta bayanan giya yayin da mota ke tafiya. Irin su Launch da Autel da ke hannun masu gyaran wuta sun isa. Idan babu, ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya tana yi a wasu motoci, amma ka gwada tukuna, don ba kowace ce ke shiga kwamfutar giya ba.

Ma'aunin zafi mai haska jar wuta, wanda ake nuna wa ƙarfe daga nesa. Shi ne madadinka idan sikana ta ƙi nuna zafin mai.

Rami ko lif a wuri mai daidai. In jak za ka yi amfani da shi, to sai da madogara huɗu na ƙarfe, motar ta tsaya ɗoɗar. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan bulo.

Sai tocila, farar takarda, roba mai tsabta ta tarar mai, famfon ɗura mai, sifana mai awo ta ɗaure kusoshi, man giya na ainihi da filta da gaskit, littafi da biro. Sannan mutum ɗaya da zai zauna a gefenka ya riƙe sikana lokacin gwaji.

Mataki na 1: Gano ainihin giyabos ɗin da ke jikin motar

Kada ka dogara da sunan mota ko shekararta. Mota iri ɗaya tana fitowa da giyabos biyu ko uku, gwargwadon inji da ƙasar da aka yi wa ita. A Toyota da Lexus, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke jikin ginshiƙi, wurin da aka rubuta A/TM, za ka ga abu kamar U660E. A Volkswagen akwai takarda a but kusa da safaya mai ɗauke da lambar giya. A BMW da sauran masu giyar kamfanin ZF na Jamus, akwai ɗan allon ƙarfe a gefen giyabos ɗin. A Marsandi an buga lambar a jikin ƙarfen, sama da farantin ƙasa, tana farawa da 722.

Ko ka ga takardar ƙofa, ka shiga rami da tocila ka goge ka karanta na jikin ƙarfen. Motocinmu da yawa an taɓa sauya musu giyabos da na Beljiyam daga Kofar Ruwa ko Ladipo, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Kan kusoshi da ya sha sifana, da rubutun fenti ko maka a jikin giyabos, su ne ke tona asiri.

Mataki na 2: Fitar da iyakar da kamfani ya sa

Nan ne Jamusawa suka sauƙaƙa mana, domin lambar tana cikin sunan. A giyar ZF mai takwas, wadda ta fara fitowa a BMW a 2009, lambobi biyun ƙarshe ka ninka su sau goma: 8HP45 tana ɗaukar kusan Nm 450, 8HP50 500, 8HP70 700, 8HP90 900. Ka lura da yadda kamfanoni ke haɗa su. BMW 335i ƙirar F30, mai Nm 400, an ba ta 8HP45. Dodge Hellcat ta 2015, mai doki 707 da Nm 881, an ba ta 8HP90. A waɗannan biyun ba su bar inji ya wuce lambar ba, akwai ɗan rara a sama.

A tsohuwar ZF mai shida wannan ninkin ba ya aiki, sai dai ka haddace: 6HP19 kusan 400, 6HP21 kusan 450, 6HP26 kuma 600. Giyar 6R80 da ke cikin Mustang daga 2011 zuwa 2017 daga zanen 6HP26 aka samo ta, shi ya sa take da juriya.

Marsandi mai giya biyar, wato 722.6, kala-kala ce duk da kamanninta ɗaya daga waje. Akwai W5A330 ta ƙananan injina, akwai W5A580 ta manya, har da W5A1000 ta masu silinda 12. Lambar ƙarshe ita ce Nm ɗin. Na sha ganin an ɗora ƙaramar a kan injin V8 don kusoshi sun hau, kuma motar za ta yi tafiya, har sai ranar da aka take ta da gaske.

Ga masu Golf da Audi masu DSG, wato otomatik mai kuloci biyu, wadda ta fara da Golf R32 a 2003: DQ200 mai giya bakwai da busasshen kuloci Nm 250 ce, DQ250 mai shida da kuloci a cikin mai kusan 350, DQ500 kuma 600. Ita DQ200, shawarata kada ka ƙara mata komai. Kulocinta ba ya cikin mai balle a sanyaya shi, kuma tafiyar ja-tsaya ta gosulo kaɗai tana cinye shi ko ba a taɓa inji ba.

Lambobin GM, irin su 4L60E da 4L80E, kada ka ninka su da goma. Nuni ne kawai cewa ta 80 ta fi ta 60 ƙarfi. Su kuwa Toyota ba sa rubuta ƙarfi a suna, don haka dabarar ita ce ka nemo injin da ya fi kowanne ƙarfi a cikin waɗanda kamfani ya haɗa da wannan giyabos. U660E tana bayan injin 2GR-FE na Camry V6 da ES350 mai Nm 336. Lexus IS250 mai kusan Nm 250 tana da A960E, ita kuma IS350 mai kusan 375 an ba ta A760E. Da A960E za ta iya, da ba su wahalar da kansu sun sa wata ba. Wannan lambar ta injin mafi ƙarfi ita za ka rubuta a matsayin iyaka.

In kuwa CVT ce, irin ta Altima ko Accord mai silinda huɗu daga 2013, rufe littafin. Bel ne na ƙarfe tsakanin fule biyu, idan ya zame sau ɗaya ya karce fulen, shi ke nan.

Mataki na 3: Lissafa abin da injin zai turo bayan gyara

Mai tunin, wato mai taɓa kwamfutar inji, zai ce maka "za ta kai doki 400." Wannan bai gaya maka komai ba tukuna. Ka tambaye shi Nm nawa, kuma a juyi nawa. Idan doki kawai ka samu, ga lissafin: ninka doki da 7,120, ka raba da juyin inji a minti. Doki 400 a juyi 5,500 ya ba ka Nm 518. Doki 400 ɗin nan dai a juyi 8,000 Nm 356 ne kacal. Motoci biyu, doki ɗaya, amma ɗaya ta wuce iyakar 8HP45 da nisa, ɗayar ko kusa ba ta je ba.

Sai ka kula da abu uku. Injin turbo yana ba da murɗawarsa mafi girma ne a ƙasa, tsakanin juyi 2,000 da 4,000, ba a wurin da doki ke kai ƙololuwa ba, saboda haka abin da lissafin nan ya ba ka shi ne mafi ƙaranci, na gaskiyar ya fi haka. Na biyu, fayilolin tunin na Amurka da ma'aunin lb-ft suke zuwa maimakon Nm, sai ka ninka da 1.356: lb-ft 400 daidai yake da Nm 542. Mutane da yawa suna ganin 400 su ce ai bai kai 450 ba, alhali ya wuce da kusan ɗari. Na uku, idan a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin mota, aka auna, a taya aka auna, kuma abin da ke fita daga inji ya fi na taya da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Raba lambar taya da 0.85 ka samu ta inji, don da ita ake kwatanta iyakar giyabos.

Idan babu daino a kusa, yawancin motocin turbo na zamani suna nuna murɗawar da kwamfutar inji ta ƙiyasta a sikana. Ka yi amfani da ita, amma ka karanta Mataki na 7 kafin ka yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Mataki na 4: Duba lafiyar giyabos ɗin tun ba a taɓa inji ba

Lambar kamfani ta sabon giyabos ce. Naka ya yi shekara goma ko sha biyar, kuma mitar da ke dashbod ba shaida ba ce, kowa ya san ana mayar da ita baya kafin mota ta baro Kwatano.

Fara da sikana. Lambobin P0730 zuwa P0736 suna nufin giya na zamewa, P0741 kulocin cikin kwambata (wadda ke haɗa inji da giya) ne ba ya kamawa, P0218 kuma giyabos ya taɓa yin zafi fiye da kima. Ko wutar cek ba ta kunne, duba waɗanda aka adana. Idan ka tarar an goge komai tas kwanan nan, shi ma abin lura ne.

Sai mai. Ɗiga kaɗan a farar takarda ka ɗaga ta ga rana. Mai lafiya haske na ratsa shi, yana bazuwa a takarda bai bar baƙin ɗigo a tsakiya ba. Wanda ya yi duhu yana warin ƙauri ya riga ya dahu. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma ruwan nan yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta. Wannan giyabos sai an buɗe shi.

Kwance farantin ƙasa ka duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin baƙin gari mai santsi a yatsa ba komai ba ne, kowane giyabos na yin sa. Amma idan ka murza ka ji tsini-tsini, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli launin tagulla ko azurfa, ko baƙaƙen ɓawo a ƙasan faranti, to ana cin ƙarfe da faiba a ciki. Kowanne ka gani a cikin waɗannan, maganar ƙara wuta ta tsaya sai an yi gyara.

Mataki na 5: Gwajin titi, ka rubuta lambobin farko

Fita da sassafe, titi miƙaƙƙe wanda babu jama'a, irin bayan gari ta hanyar Zariya ko Wudil, ba cikin unguwa ba. Kai ka kalli titi, abokinka ya kalli sikana. Ku buɗe abu huɗu: juyin inji, juyin shaf mai shiga giya, juyin shaf mai fita, da zafin mai.

Bari man ya kai digiri 80 tukuna. Sai ka mayar da giya hannu, ka zaɓi lambar da shiga da fita suke daidai. A 8HP lamba shida ce, a 722.6 lamba huɗu. Daga juyi 1,800 ka taka totur sosai amma kada ka danna shi har ƙasan da zai sa ta sauko da giya. A 335i wannan yana kamawa daga kilomita 70 zuwa 100 a awa, wato ba sai ka karya dokar gudu ta 'yan Road Safety ba. A wannan giyar, lambobin juyin nan uku ya kamata su hau tare. Bambancin juyi 20 ko 40 tsakanin inji da shaf mai shiga ba matsala ba ne, wasu motocin da gangan suke barin sa don laushi. Idan ya kai 150 ko 200 yana ƙaruwa, kwambata na zamewa. Idan kuma shaf mai shiga ne ya tsere wa mai fita, faibar cikin giyar ce. A giyabos ɗin da ba shi da lambar da ta yi daidai, kamar 6HP, raba juyin shiga da na fita, amsar ta tsaya cak ba ta motsi muddin kana giya ɗaya.

Saurari canjin giya kuma. Idan allurar juyi ta yi tsalle sama kafin giya ta gaba ta kama, musamman daga biyu zuwa uku ko uku zuwa huɗu, faiba ta fara gajiya.

Daga nan ka shigo gari da rana tsaka, esi a kunne, ka bi ta inda ka san akwai cunkoso, wajen Kantin Kwari ko Kofar Mata, na rabin awa. Rubuta zafi mafi girma. Ma'aunin da nake aiki da shi: 80 zuwa 95 lafiya, 100 zuwa 110 ana buƙatar ƙarin sanyaya, 120 ka faka ka bar injin a kunne a P har ya sauka. Motar da ke taɓa 105 tun ba a ƙara mata komai ba, ba ta da wurin da za ta sa ƙarin zafi. In da ma'aunin haskawa kake aiki, haska farantin ƙasa, ka sani man ciki ya ɗan fi abin da ka gani zafi, balle idan farantin na roba ne.

Akwai tsohon gwajin da ake taka birki da totur tare a ga inda juyi zai tsaya. In ka ga dole ka yi, kada ya wuce daƙiƙa biyar, kuma kada ka yi wa DSG ko CVT sam.

Mataki na 6: Sabon mai da ƙarin lagireto

Maganar "man giya ba a canza shi har abada" ka bar ta. ZF da kanta ta ce a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko shekara 8, DQ250 kuma duk kilomita 60,000. Ga motar da aka ƙara wa wuta a zafin nan namu, ni a 40,000 nake canzawa.

Kowane giyabos da mansa: Lifeguard 6 ko 8 ga ZF, WS ga Toyota na zamani, DW-1 ga Honda, Matic S ga Infiniti da 370Z, 236.14 ko 236.15 ga Marsandi gwargwadon shekara. Kada kala ta ruɗe ka, Lifeguard 8 kore ne, 236.15 shuɗi. Yaron shago zai ce maka "duk jan mai ne, Alhaji," to ba duk ɗaya ba ne, santsinsu da kaurinsu sun bambanta, kuma a kan wannan santsin aka lissafa damƙar faiba. Jabu ma ya yi yawa a kasuwa. Duba hatimin murfi, lambar da aka buga a jikin galan, kuma ka guji wanda arharsa ta yi yawa.

Tsiyaye ka zuba, kada ka yarda a yi wa tsohon giyabos wankin inji mai matsi. Tsiyayewa ɗaya kusan rabin man take fitarwa, sauran na cikin kwambata, don haka ka maimaita bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. A ZF filtar haɗe take da farantin roba, tare ake sauya su. Kusoshin farantin ƙanana ne, da sifana mai awo ake ɗaure su, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Daidaita yawan mai shi ne inda aka fi yin kuskure. ZF ana cika ta injin na kunne, mota a daidai, an bi da giya ta kowace lamba, man kuma yana tsakanin digiri 30 da 50, har ya fara ɗiga ta ramin cikawa. A bazara, motar da ta wuni a rana ta kusa 45 tun ba a tayar da ita ba, minti kaɗan za ta wuce 50, man ya kumbura ya zubo, ka rufe da ƙarancin mai kana ganin ya cika. Saboda haka aikin bayan asuba ne, motar ta kwana a kan ramin. Ita 722.6 a digiri 80 ake auna ta, da doguwar sandar awo ta musamman, don ba ta zuwa da tata.

Ƙaramin lagireton man giya ana ɗaura shi a gaba, inda iska ke bugu. Man ya fito daga giyabos, ya bi ta na asali, ya shiga sabon, sannan ya koma. Don gane layin komawa, tayar da motar da sanyi ka riƙe bututun biyu: wanda ya fara ɗumi shi ne mai fita, ɗayan za ka yanka. Irin mai faranti-faranti ya fi mai bututu lanƙwasasshe aiki. Tiyon ya zama na man giya, ba na ruwa ko na fetur ba, kilif biyu a kowane baki, kuma kada ya goga da ƙarfe. Bayan ɗaurawa a sake auna mai, don sabon lagireton ya sha nasa. Idan ba a samu sabo ba, na Beljiyam daga babbar jif yana yi, amma a wanke cikinsa sosai, domin idan giyabos ɗin da ya fito daga jikinsa ƙonewa ya yi, garin na nan ciki.

Da hunturu kuma a riƙa hure ƙura daga lagiretocin gaba. Cire tamostat da wasu ke yi ba shi ne magani ba, a gyara fanka a wanke lagireto.

Mataki na 7: Kwamfutar giya ta san gaskiya

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kashe giyabos a motocin zamani. Kwamfutar inji kullum tana gaya wa ta giya Nm nawa take turowa, ita kuma da wannan lambar take yanke matsin da za ta damƙe faiba da shi. Kwamfutar giya tana da iyaka, idan an wuce sai ta sa inji ya rage wuta. Malalacin mai tunin, maimakon ya gyara ɓangaren giya, sai ya sa inji ya riƙa yin ƙarya: yana ba da 550 yana cewa 400. Motar za ta yi gudu, mai ita ya ji daɗi, amma ana damƙe faiba da matsin 400 tana ɗauke da 550. Ba ta daɗewa.

Tambaye shi kai tsaye: "Malam, lambar da inji ke aika wa giya ta gaskiya ce?" Ka kuma duba da kanka. Idan motar ta ƙara ƙarfi a fili amma sikana na nuna Nm ɗin da take nunawa kafin gyara, an ɓoye ne. Abin da ake so shi ne a yi wa kwamfutar giya nata tunin ɗin, a ɗaga iyaka, a ƙara matsi, a gajarta lokacin canji. Masu BMW suna da manhajar xHP, masu DSG ma akwai nasu. Inda babu irin wannan, kamar tsofaffin Toyota, ana gyara balb-bodi ne, wato ɓangaren da ke rarraba matsin mai, da hannu don ƙara matsi, idan kuma babu mai yi, a rage burin inji.

Ka kuma gaya masa ya sassauta murɗawar ƙasa, ya bar ta ta hau a hankali maimakon ta faɗo gaba ɗaya a juyi 2,500. Dokinka na sama ba zai ragu ba, giyabos kuma ya huta. Fayilolin Turai da yawa ma a kan fetur mai oktan 98 aka rubuta su, namu bai kai nan ba, don haka sassautawar tana taimakon injin shi ma.

Kada a goge abin da kwamfutar giya ta koya game da faibarta sai idan an sauya kayan ciki. Tsohon giyabos da wannan koyon yake rufa wa kansa asiri.

Mataki na 8: Ƙara wutar kaɗan-kaɗan, ka yanke hukunci

A sa rabin ƙarin da ake so, a maimaita gwajin Mataki na 5 a titi ɗaya da lokaci ɗaya, a kwatanta da abin da ke littafi. Zamewa ba ta ƙaru ba, zafi bai wuce 100 ba, sai a ƙara. Bayan kilomita 1,000 a sake ɗiga mai a farar takarda.

Ga yadda nake yanke hukunci. Idan lissafinka bai kai lambar kamfani ba kuma giyabos ya ci jarrabawar Mataki na 4 da na 5, bismillah. Idan ya wuce da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, giyabos mai kuloci a cikin mai yana ɗauka, amma da sharaɗi uku: sabon mai, ƙarin lagireto, da tunin ɗin giya. Misalinmu na 335i mai Nm 518 a kan 8HP45 ya wuce da kashi 15, ya faɗo nan. Abin da ya haura haka, za ka ga masu nuna shi a YouTube, amma ba sa nuna maka ranar da aka sauke giyabos ɗin. Idan kuma na Beljiyam ne da ba a san tarihinsa ba, ban yarda a wuce lambar kamfani ko da kaɗan ba.

Wanda ya nace sai ya haura, hanya biyu ce. Ko a buɗe giyabos a sa faibobi masu ƙarfi da ƙarin yawa, da kwambata da aka ƙarfafa, ko a ɗauko babban yayansa, kamar 8HP70 a madadin 8HP45. Ta biyun ba ɗaurawa kawai ba ce, akwai farfela mai kai juyi ga tayoyi, kujerun giya, da daidaita kwamfuta, don haka a nemi wanda ya taɓa yi a ga motar da ya yi tana tafiya.

Abin da ke bayan giyabos ma a duba shi. Giya ta ɗaya a 8HP45 tana ninka murɗawa sau 4.7, wato Nm 500 ya koma 2,350 a farfela, kuma a lokacin tashi daga tsaye kwambata na ƙara ninkawa kusan sau biyu. Robar farfela, kujerun inji da shaf ɗin taya su ke fara karɓar dukan. Duk wanda ya tsage a sauya shi kafin gwaji na biyu.

Sauran yana ƙafar direba. Ba wa mota wuta a N sannan a jefa ta D, sa ribas tana kan gangarawa gaba, juya taya a wuri ɗaya irin na wasan mota ranar ɗaurin aure, duk suna karya abin da lissafi ya ce zai ɗauka. Mafi muni shi ne taya ta yi ta juyawa a kan yashi ko ruwa sannan ta cafki kwalta farat ɗaya, nan shaf ke tsinkewa. Idan za ka wuce babbar mota, sauko da giya da hannu tukuna sannan ka taka, kada ka take ta a lamba bakwai ko takwas juyi na ƙasa. Bayan ka yi gudu mai tsawo, bar injin a kunne minti biyu kafin ka kashe. Da damina kuma, idan ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ɗiga man a takarda washegari, don akwai ƙaramar kafar shan iska a saman giyabos da ruwa ke bi ya shiga.